Wata goma sha huɗu da babu su a takarda

Ɗan yayata ne ya zo mini da zancen, wata ranar Talata bayan la'asar, da ambulan ruwan ƙasa a hammata. Ya zauna bakin tabarma, ya zaro takardar tarihin aikinsa, wadda kowa ke kira CV, ya miƙo mini da hannu biyu. Shekara biyu na bautar ƙasa bayan ya gama jami'ar André Salifou. Wata shida yana kula da mangazar abinci a wani furoje, wato aikin tallafi mai wa'adi, wajen Mirriya. Wata tara a wata ƙungiyar agaji wajen Magarya. Wata huɗu yana zagaya ƙauyuka yana ɗaukar bayanan magidanta a waya. Daga nan sai takardar ta yi shiru har wata goma sha huɗu, sannan wani ɗan aiki na wata uku, wanda shi ma ya ƙare kafin azumi.

Ya ɗora yatsa a kan wurin da babu rubutu, ya ce: "Kawu, in na ja wannan wata huɗun na kai shi shekara da ƴan kai, wa zai sani? Furojen ma an rufe. Gidan da ofis ɗin yake, yanzu wasu ne ke haya a ciki."

Ban yi masa faɗa ba. Sau biyu ana kiransa ganawar ɗaukar aiki, sau biyu ana tsare shi da tambaya ɗaya: me ya sa ba ka daɗewa a wuri? Yaron da tun yana lakwal ba a taɓa kawo ƙararsa ba, yau takardarsa ce ke kai ƙararsa a matsayin mara zama, kuma ba shi da bakin kare kansa. Irinsa suna da yawa a Damagaram, daga Birni har Sabon Gari, kuma tambayar da ake yi musu tana da amsa, sai dai amsar ba a halinsu take ba. A yadda aikin albashi yake zuwa garin nan take.

Ƙofofin aikin albashi a jihar Damagaram ƴan kaɗan ne. Akwai gwamnati, wadda ɗibanta ba kullum ba ne, kuma ko a can dubban malaman makaranta da ma'aikatan lafiya sun shafe shekaru a matsayin ƴan kwantaragi. Akwai matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011 kan hanyar Tanut, tare da ƙananan kamfanonin da ke yi mata hidima. Akwai bankuna, kamfanonin waya, na sufuri, makarantu da asibitoci masu zaman kansu. Sai ƙungiyoyin agaji da furoje-furoje, waɗanda shekara da shekaru su ne suka fi jan hankalin mai difilom, saboda albashinsu ya fi tsoka. Sauran jama'a, wato mafi rinjaye nesa ba kusa ba, noma da kiwo da kasuwa da sana'ar hannu ne ke riƙe da su.

To kuɗin furoje ba kamar rijiya ba ne da za a yi ta ja. Mai bayarwa yana ware su ne na wata shida, ko tara, ko shekara, don wani aiki takamaimai, a wasu ƙauyuka takamaimai. Ƙungiyar da ta karɓa ba za ta iya ɗaukar mutum fiye da ranar da kuɗin za su ƙare ba, ko da shi ne ya fi kowa ƙwazo. Wani aikin ma da yanayin shekara yake tafiya. Rabon abinci da kula da yara masu tamowa sun fi ƙarfi daga bazara zuwa tsakiyar damina, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro ga ƙananan yara da damina ake yin sa, zagaye-zagaye. Allurar shan inna kwanaki ce kawai. Binciken magidanta sati uku ne ko wata biyu. Mutumin da ya yi shekara biyar yana irin waɗannan ayyuka, kuma a kowane ana sake kiransa saboda an ji daɗinsa, takardarsa za ta fito gutsi-gutsi kamar ta wanda ake kora. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai a lamarin: guntayen da ya kamata su zama shaidar cewa ana nemansa, su ake juyawa su zama tuhuma.

A kan wannan tsari mai rauni kuma sai ga girgiza a jere. Annobar korona ta 2020 ta tsayar da tafiye-tafiye da taruka. Bayan sauyin mulki na 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyakar Najeriya, wadda ita ce numfashin kasuwar Damagaram, Faransa da Tarayyar Turai suka dakatar da wani ɓangare na tallafinsu. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma furojen da aka rufe ba ya farfaɗowa da sanarwar rediyo. A Nuwamban 2024 hukumomi suka janye wa ƙungiyar agaji ta ACTED izinin aiki, a Fabrairun 2025 aka nemi ƙungiyar agaji ta Red Cross ta ƙasa da ƙasa, CICR, ta bar ƙasar. A Janairun 2025 kuma sabuwar gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin waje, daga baya ta rushe hukumar USAID, wadda kuɗinta ke ƙarƙashin ayyukan ƙungiyoyi da dama ko da sunanta ba ya jikin motarsu. Ga kuma shimfiɗa bututun mai daga Agadem zuwa gaɓar teku a Benin, mai tsawon kusan kilomita 2000, wanda ya ɗebi masu walda da direbobi da leburori, ya kuma sake su da aka gama. Ba shari'ar waɗannan matakai nake yi a nan ba, kowa da ra'ayinsa a kai. Abin da nake nunawa shi ne, duk wanda ya buɗe takardar ɗan Damagaram ya ga giɓi tsakanin 2023 da 2025, to ya tuna cewa shi ma a ƙasar nan ya yi waɗannan shekarun.

Amma a yi wa mai tantancewa adalci, shi ma yana da uzurinsa. Na taɓa zama cikin kwamitin ɗaukar mutum biyu a wurin da nake aiki, dosiye suka cika kwali biyu, mu uku ne kuma a kansu, da yini ɗaya. A irin wannan zama ido ba karatu yake yi ba, dalilin ajiye takarda gefe yake nema. Da ya ci karo da giɓi, sai zuciya ta cika shi da abin da ta fi tsoro. Ko an kama shi ne da hannu a kaya? Ko mai rigima ne? Ko ya je Libiya ko haƙar zinariya a Jado ya dawo, gobe in ya ji labarin wani wurin zai sake tafiya? Ko hannunsa ya yi sanyi, ya manta manhajar lissafi ta Excel? Babu wanda ya faɗi haka da baki, amma na ga takardun da aka tura gefe, kuma ni ma na tura. Giɓin da mai shi bai yi masa bayani ba, wani ne zai yi masa, kuma da wuya ya yi na alheri.

Harshenmu ma yana ƙara wa wutar itace. A gari, duk wanda aikinsa ya tsaya sai a ce "an kore shi". Alhali dokar ƙwadago ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, ta raba abubuwan. Akwai kwantaragi mai wa'adi wanda ya kai ranarsa ya ƙare, ba wanda ya kori kowa. Akwai sallama saboda matsin tattalin arziki, wato wurin ne ya rage ma'aikata ko ya rufe, wadda doka ta ce sai an bi ta hannun wakilan ma'aikata da sufeton ƙwadago, ta kuma ba wanda aka sallama fifiko idan wurin ya dawo ɗiba. Sannan akwai kora saboda laifi. Biyun farko su ne labarin mafi yawan waɗanda ke zaune yau, amma kunyar ta ukun suke ɗauke da ita.

Dokar nan ta tanadi wani abu da matasa da yawa ke sakaci da shi. Duk ranar da aiki ya ƙare, ko ta wace hanya, wajibi ne mai aiki ya ba ma'aikaci takardar shaidar aiki, mai ɗauke da ranar shiga, ranar fita da irin aikin da ya riƙe. Hakki ne, ba alfarma ba, kuma ba wurin rubuta dalilin rabuwa ba ne. Ranar sallama mutum yana cikin ɗimuwa, hankalinsa na kan kuɗin ƙarshe da abin da zai faɗa a gida, sai ya ce zai dawo ya karɓa. Bayan wata shida ya dawo ya tarar da kwaɗo a ƙofa, shugaban ya koma Yamai ko ya bar ƙasar, hatimin ma ba a san inda yake ba. Aikin wata tara ya zama labarin baki. Don haka kafin a miƙa makulli da waya da hular kwano, a karɓi takardar nan, a duba ranakun, a ɗauke ta hoto, a kai a buga mata tambur a ajiye kwafi. A riƙe takardun biyan albashi da kwafin kwantaragi. A leƙa CNSS, asusun fansho da inshorar ma'aikata, a tabbatar an zuba abin da aka yanka, don shekarun fansho da waɗannan guntayen ake tara su. Wanda aka hana shi takardarsa ko hakkinsa na sallama, ofishin sufeton ƙwadago na nan cikin gari, kuma sulhu ake fara nema kafin a kai ga kotu. Wannan duka yana da nauyi ne saboda a ƙasarmu babu asusun da ke biyan wanda ya rasa aiki wani abu duk wata. CNSS tana kula da fansho da haɗarin aiki da alawus na iyali, ba ta ɗaukar zaman jira. Daga ranar da albashi ya yanke, dangi ne da ɗan abin da aka tara.

Sai batun jan wata huɗu a kai shi shekara. Na ce wa ɗan yayata kada ya yi, kuma ba wa'azi kaɗai ne dalilina ba. Duniyar ma'aikatan furoje a Damagaram ƙarama ce ƙwarai. Mai lissafin kuɗin wancan wurin da aka rufe, yau shi ne a wannan. Direban da ya kai ka Dungas shi ke jan motar sabon ofis, kuma ya san watan da aka ajiye motoci. Ranakun da ke takardar shaida da na CNSS ba sa jawuwa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma wanda aka kama da ƙarin wata takwas a takarda, ba za a ba shi makullin mangaza ba har abada, labarinsa kuma zai riga shi isa kowane ofis. Giɓi ana yafe shi. Ƙarya a wurin wanda za a damƙa wa kaya ba a yafe ta.

Da na tambaye shi abin da ya yi a cikin wata goma sha huɗun, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba komai, Kawu, zaman gida." Na ce a'a, faɗa mini tun daga watan farko. Ashe wata uku ya yi yana jinyar mahaifinsa, kwana a asibiti, yini neman magani. Da damina ta faɗi ya noma gonar gidansu, gero da wake. Bayan girbi wani ɗan'uwan babansa mai sayar da hatsi a Kasuwar Dole ya ɗauke shi yana rubuta masa shiga da fita, shi ya fara raba masa littafin bashi da na ciniki, shi ya gano buhunan da ke salwanta tsakanin mota da rumfa. Da dare kuma yana karɓar babur ɗin abokinsa ya yi kabu-kabu, yana sa hula da takunkumi don kada abokan karatunsa su gane shi. Wannan duka shi ne "ba komai".

Nan ne ciwon yake, kuma mu manya muna da hannu a ciki. Mun raini yaranmu a kan cewa wanda ya yi boko, aikinsa shi ne mai ofis da albashin ƙarshen wata, saura duk maneji ne kafin Allah ya kawo. Sai ga mutum yana fita tun asuba yana dawowa bayan isha'i, a tambaye shi ya ce ba ya aikin komai. Alhali mai neman wanda zai kula da mangaza, me yake so ya ji fiye da cewa wannan ya riƙe littafin ɗan kasuwar hatsi wata bakwai, ba a nemi ko tiya ɗaya an rasa ba? Ɗan kasuwar nan yana da waya, yana da suna a kasuwa, zai iya sa hannu a takarda ya ce e, ya yi mini. Shaidar Alhajin da dukiyarsa ce ta kansa, a wurina ta fi ta shugaban furojen da ke sa hannu a takarda hamsin iri ɗaya a rana guda.

Yadda ake shirya takardar ma yana rage rabin matsalar. Maimakon a jera guntaye biyar kowanne da layinsa kamar an yi hijira sau biyar, a haɗa masu kama da juna ƙarƙashin sana'a ɗaya, a ce kula da mangaza da rabon kaya daga shekara kaza zuwa kaza, sannan a kawo wuraren a ƙasa da watanninsu na gaskiya. Gaban kowanne a rubuta kalma biyu: kwantaragi ya ƙare, ko furoje ya rufe. Inda aka sake kiran mutum karo na biyu, a faɗa, don ba a sake kiran wanda ya ɓata. Giɓin kuma a ba shi layi ɗaya, da sunan abin da aka yi. A wurin ganawa, amsar kada ta wuce numfashi biyu: kuɗin furojen ne suka tsaya, aka sallame mu gaba ɗaya, na yi jinyar mahaifina, na riƙe lissafin wani ɗan kasuwa, ga lambarsa. A tsaya nan. Wanda ya shiga zagin tsohon shugabansa, ko da gaskiyarsa, masu sauraro kansu suke hangowa a bakinsa gobe.

Na mata ya fi wannan tsanani, kuma ba a cika maganarsa ba. Mace ta yi aure an kai ta wani gari, ko ta haihu daidai ƙarshen kwantaragi ba a sabunta ba, ko ta yi takaba, ko ita ce ta zauna da tsohuwa mara lafiya don ƴan'uwanta maza su fita nema. Doka ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa na sati goma sha huɗu, amma wadda wa'adinta ya cika tana da ciki wata bakwai, ba korarta aka yi ba, shiru kawai aka yi mata, kuma babu inda za ta kai ƙarar shiru. In ta dawo nema bayan shekara biyu, sai a tambaye ta ko maigida ya yarda, ko akwai wani cikin a hanya, tambayoyin da ba a yi wa namijin da ya shigo kafin ita. Ungozoma ko malamar jinya da ta yi shekara biyu tana raino ba ta manta ɗaura ruwa ba. Abin da take buƙata shi ne wanda zai gwada hannunta kafin ya yanke hukunci.

Kada kuma in ɓoye abin da kowa ya sani: sanayya tana aiki. Wani gurbin kafin a manna sanarwarsa an riga an san mai shi, kuma wannan zalunci ne ga ɗan talakan da ya ci bashi ya haɗa dosiye. Haɗa dosiye ba wasa ba ne. Takardar haihuwa, ta zama ɗan ƙasa, kwafin difilom mai tambur, katin hukumar samar da aiki ta ANPE, hotuna, da kaziye, wato takardar shaidar rashin laifi, daga kotu wanda ba ya wuce wata uku sai a sake ciro wani. In jarrabawar a Yamai ce, ga tafiyar kusan kilomita 900 da kuɗin mota da masauki. Ga kuma ƴan damfara a WhatsApp da ke yaɗa sanarwar bogi da tambarin manyan ƙungiyoyi, su ce a turo jika biyar ko goma na buɗe dosiye. Duk aikin da aka ce sai ka biya kafin a duba takardarka, ka riƙe kuɗinka.

Sai dai akwai sanayyar da ba zalunci ba ce, wato mutanen da suka ga aikinka da idonsu su san kana nema. A nan kunya ke yi wa mutane babbar ɓarna. Na san magidancin da ya yi wata biyu yana saka kaya masu guga kowace safiya yana fita, ya je ya zauna a wata fada can nesa da unguwarsu har azahar, don kada maƙwabta da surukai su gane. A cikin wata biyun nan tsohon abokin aikinsa ya nemi mutum irinsa, bai kira shi ba don yana zaton yana nan inda yake. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Zumunta kuma a ƙafa take: a je a gaida tsofaffin abokan aiki tun ba a buƙatar komai, a je suna da jana'iza, a bar lambar waya ɗaya kada a yi ta canzawa, don sau da yawa aikin wata uku da kira ɗaya ake bayar da shi, wanda wayarsa ta shiga shi ne ya samu.

Tambayar da ta fi wuya ita ce ta karɓar abin da bai kai na da ba. Wanda ya saba da albashin ƙungiya, in wata makaranta mai zaman kanta ko wani shago ya yi masa tayin abin da bai fi mafi ƙarancin albashi na doka da yawa ba, wato sefa 42,000 tun farkon 2024, zai ji kamar an zage shi. Ba zan ce kowa ya karɓa ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma ra'ayina shi ne, ƙaramin aikin da ke cikin sana'arka, wanda zai bar hannunka da ɗumi ya kuma ba ka sabuwar takardar shaida, ya fi jiran babban da ba a san ranar zuwansa ba, musamman yanzu da alamu ba su nuna kuɗin waje za su dawo yadda suke a da. Haka ma ɗan horon sana'a irin wanda asusun FAFPA ke tallafawa, ko koyon wata manhajar lissafi, in dai da gaske aka koya ba takardar kawai aka je karɓa ba.

Masu ɗaukar aiki kuwa, maganata da su gajeriya ce. Wurin da shi kansa wata shida-shida yake bayarwa ba shi da hujjar tambayar mutum don me bai daɗe a wani wuri ba. A gwada shi a kan aikin: a ba mai mangaza littafi ya daidaita, a ba direba mota, a ba mai lissafi kwamfuta. A kira mutum biyu da suka yi aiki da shi. Kuma ranar da za a rufe, a ba kowa takardarsa a hannu kafin a sauke allon ƙofa.

Mun zauna da ɗan yayata har aka kira magariba muna gyara takardar. Wata huɗun ya tsaya a wata huɗunsa. Wurin da babu rubutu ya samu layi biyu, jinya da noma a ɗaya, lissafin hatsi a ɗayan. Kabu-kabun ya ce a bar shi tukuna, ban matsa masa ba. Washegari ya je Kasuwar Dole, Alhajin ya sa aka rubuta masa shaida, ya sa hannu, ya ce a ba duk mai tambaya lambarsa. Takardar aikin wata taran ce har yanzu ba ta samu ba, yana bin wani tsohon mai kula da ma'aikatansu da aka ce yana Maraɗi. Ya ajiye dosiye a wuri biyu. Kaziyensa zai cika wata uku ƙarshen watan gobe, ya ce in ba su kira ba kafin nan, zai koma kotu ya ciro wani.